Ladabin Gyara a Tsakanin Masu Sha'awar Jiniya

A wasu ƙasashe, musamman Amurka da sassan Turai, akwai mutanen da babu abin da ke burge su kamar jiniya. Jiniyar da ake nufi a nan ta wuce ta motar asibiti ko ta ayarin manya da ke kore mu daga kan hanya. Manyan nan ake nufi, waɗanda ake kafawa a kan dogayen turaku ko saman gine-gine domin a gargaɗi gari guda idan guguwa ta taso, ko ambaliya, ko harin jiragen yaƙi. Hukumomi kan gwada su lokaci-lokaci don a tabbatar suna da rai. A jihar Ilinoi ta Amurka ana gwajin ne ranar Talatar farko ta kowane wata da ƙarfe 10 na safe, a Faransa ranar Larabar farko wajen tsakar rana, a Holan kuwa ranar Litinin ta farko da ƙarfe 12 daidai. Sauran jama'a kan ji ƙarar su ci gaba da harkokinsu. Su kuwa waɗannan bayin Allah, ranar ce sallarsu. Wani zai yi tafiya mai nisa ya tsaya a gindin turke da na'urar ɗaukar hoto yana jiran kukan da bai fi mintoci kaɗan ba.

Ba iri ɗaya ba ne su. Akwai masu ɗaukar hoto da sauti su ɗora a YouTube. Akwai masu bin gari-gari suna rubuta inda kowace jiniya take da irinta. Akwai masu sayen tsohuwa wadda hukuma ta sauke, ta yi tsatsa, su kwance ta ƙusa-ƙusa su mayar da ita kamar sabuwa. Akwai kuma masu ƙera ƙanana da hannunsu, da katako ko gwangwani ko na'urar nan mai gina abu da narkakkiyar roba hawa-hawa. Da yawa daga cikin na ƙarshen nan yara ne da matasa. To duk inda masu ƙira suka taru suna nuna wa juna aiki, tambaya ɗaya ba ta rasa tasowa: idan wani ya kawo abin da ya sha wahala a kansa, kuma abin yana da aibi, me ya wajaba a kan wanda ya ga aibin? Tambayar ta fi jiniya daɗewa a duniya, amma a wajen masu jiniya tana fitowa fili fiye da a wurare da dama, saboda dalilin da za mu gani.

Kafin mutum ya san yadda zai yi magana a kan aiki, ya kamata ya san abin da aikin ya ci. Jiniyar inji abu ce mai sauƙin bayani mai wuyar yi. Akwai wani abu mai kama da fanka da ke juyawa a cikin wani gida da ke tsaye, kuma dukansu biyu suna da tagogi a gefe. Fankar tana zuƙo iska ta tsakiya tana watsa ta waje, tagogin suna buɗewa suna rufewa yayin da suke gilma wa juna, sai iskar ta riƙa fita guntu-guntu. Wannan yankan iskar shi ne kukan da ake ji. Wani Bafaranshe mai suna Kanyar da la Tur ne ya raɗa wa na'urar sunan da Turawa ke kiranta da shi a shekarar 1819, kuma shi don auna sauti ya ƙera tasa. Lissafin a bayyane yake. A ce injin yana juyawa sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa. Idan tagogi 10 ne, iska za ta yanku sau 500 a daƙiƙa. Idan 12 ne, sau 600. Idan aka haɗa jeri biyun a inji ɗaya, sai a sami muryoyi biyu masu tafiya tare, irin kukan nan mai tayar da tsigar jiki da aka san jiniyoyin Ingila da shi a Yaƙin Duniya na Biyu.

Yaron da ya ce zai yi wannan a ɗakinsa sai ya auna tagogi su zo daidai, ya rage tazarar da ke tsakanin fanka da gidanta har ta kusa taɓawa ba tare da ta taɓa ba, ya daidaita nauyin fankar don kada ta riƙa karkarwa, ya samo injin da zai iya ɗaukarta. Sau da yawa na farko ba ya kuka, na biyu ya yi gurnani, sai a na uku ko na huɗu a ji wani abu mai kama da jiniya. Mai gyaran tsohuwa kuwa nasa ya fi nauyi. Jiniyar Thunderbolt, wadda kamfanin Federal ya riƙa ƙerawa daga 1952 zuwa 1990, tana da injin hura iska daban, da na yankan iska daban, da na juya ƙahonta daban, ga kayan gyaranta ba a samunsu a kanti. Wanda ya tashe ta daga mutuwa ya ba da watanni da kuɗi da fatar hannunsa. Duk wanda ya taɓa ganin yaran Damagaram ko na Maraɗi suna haɗa mota da waya da murfin kwalba ya san irin kallon da mai ƙira ke yi wa abinsa idan ya gama. Shi yana ganin duk kwanakin da ya yi a kai, mai wucewa kuwa abin da ke gabansa kaɗai yake gani.

Daga nan ne mutane suka kasu biyu. Kashi na farko suna cewa tunda abin sha'awa ne, ba wanda ake biya, ba wanda ya zo jarrabawa, to a yaba kawai. Idan ba ka da kyakkyawar magana, ka yi shiru. Kashi na biyu suna cewa gaskiya ɗaya ce, ƙarfe bai san wahala ba, idan abu bai yi ba a ce bai yi ba, wanda ba zai iya jurewa ba ya ajiye abinsa a ɗaki. Kowannensu yana da ƙwayar gaskiya a hannu, kuma kowannensu yana cutarwa idan aka bar shi shi kaɗai. Abin mamaki shi ne ita kanta jiniyar da suke so ta riga ta nuna musu illar hanyoyin biyu, domin tarihinta cike yake da darasin abin da ke faruwa idan gargaɗi ya yi yawa da kuma idan ya ƙi zuwa.

Ranar 22 ga Mayu 2011 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin Joflin da ke jihar Misuri, ta kashe mutum fiye da 150. An kaɗa jiniya kafin ta iso. Amma da hukumar yanayi ta Amurka ta bincika daga baya, sai ta tarar mutane da yawa ba su nemi mafaka da jin kukan farko ba. Sun saba jin jiniya ba tare da wani abu ya biyo baya ba, don haka suka tsaya neman tabbaci daga wani wuri. Kunne ya ƙoshi. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 8 ga Agusta 2023 gobarar daji ta cinye garin Lahaina a tsibirin Mawi na Hawai, mutum kimanin 100 suka mutu, jiniyoyin da ke tsibirin kuwa ba a kaɗa su ba. Jami'in da ke da alhakin ya ce ya ji tsoron mutane za su ɗauka igiyar teku ce ta taso su gudu wajen tudu, inda wutar take. Ko hujjarsa ta karɓu ko ba ta karɓu ba, an yi ta muhawara a kai, shi kuma ya sauka daga muƙaminsa cikin ƴan kwanaki. Ba ana daidaita asarar rayuka da ɓacin ran mai ƙira ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura kawai shi ne gargaɗi yana lalacewa ta fuska biyu: wanda ake yi kullum a kan komai, da wanda aka riƙe da kyakkyawar niyya a lokacin da ake bukatarsa.

Mai kushe kowane aiki ya zama jiniyar da ke kuka dare da rana. Yau ya ce fenti bai yi ba, gobe ya ce hoto ya karkace, jibi ya ce sauti kamar kukan akuya. A kwana a tashi ba mai sauraronsa, har ranar da zai faɗi abin da ke da muhimmanci a wuce shi kamar iska. Mai yabon kowane aiki kuwa jiniya ce da aka cire wa wuta. Tana nan a kan turke da kyan gani, kowa na jin daɗin ganinta, amma ranar da ake bukata ba abin da za ta tsinana. Yabonsa ma ba ya da daraja, domin wanda ya ce wa kowa gwani bai ce wa kowa komai ba.

A wannan sana'a kuwa shiru yana iya jawo jini. Mu koma ga lissafi. Fanka mai faɗin santimita 20 da ke juyawa sau 3,000 a minti, bakinta yana gudun da ya haura kilomita 110 a awa. Idan ta roba ce da aka gina hawa-hawa, tana iya rabewa ta inda hawayen suka haɗu. Idan ta katako ce da aka manna da gam, guntu yana iya ɓallewa. Mai ita kuma yawanci yana tsugune a gabanta yana ɗaukar hoto, ido a buɗe. Ga wayoyin lantarki da ake bari tsirara a kan tebur, ga kunne da ba a toshe ba. Manyan jiniyoyi suna haura desibal 120 daga nisan mita 30, wadda kamfanin Chrysler ya ƙera a shekarun 1950 da injin mota mai silinda takwas ta kai 138, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Wanda ya ga yaro ya kunna irin wannan fanka tana karkarwa ba tare da kariya ba, ya ce masa madalla don kada ya karya masa gwiwa, bai tausaya masa ba. Kansa ya tausaya wa, don ya tsira daga nauyin faɗar abin da ba a son ji.

Saboda haka ina ganin mabuɗin al'amarin shi ne mai gyara ya fara tambayar kansa wane irin aibi ya gani, domin aibobi ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da muryar da ta dace da shi. Na farko shi ne aibin da ke da haɗari. Wannan a faɗe shi nan take, a fili, ba tare da kwana-kwana ba, ko da mai aikin zai ji zafi, domin wasu ma suna kallo kuma za su kwaikwaya. Na biyu shi ne kuskuren sani, kamar mutum ya kira jiniya da sunan da ba nata ba, ko ya faɗi adadin tagogi ba daidai ba, ko ya haɗa waya ta hanyar da za ta ƙona inji. Wannan a faɗe shi cikin natsuwa tare da hujja, domin rashin sani ba laifi ba ne, kuma mai gyaran ma ba da saninsa aka haife shi ba. Na uku shi ne abin da ya shafi ra'ayi. Wani yana so a mayar da tsohuwar jiniya launinta na asali, wani ya shafa mata wanda ransa ke so. Wani yana son murya ɗaya, wani biyu. A nan abin da mutum zai iya cewa kawai shi ne ga yadda na fi so, kuma mai abu yana da ikon ya ce na ji, ya ci gaba da abinsa. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin masu sha'awa iri ɗaya daga cakuɗa waɗannan ukun take. Sai a ɗauki muryar da aka tanada don haɗari a yi amfani da ita a kan launin fenti, ko a ɗauki lallashin da ya dace da ra'ayi a rufe haɗari da shi.

Akwai wani darasi kuma a jikin jiniya. Kukanta kaɗai ba ya gaya wa mutum abin da zai yi. Shi ya sa hukumomi ke koya wa jama'a cewa idan sun ji ta su shiga ciki su kunna rediyo, shi ya sa kuma aka ƙera na zamani masu lasifika da ke iya magana. Gyaran da ya tsaya a kan "bai yi ba" kuka ne kawai, yana tayar da hankali ba ya nuna hanya. Kwatanta wanda ya ce wannan abin shirme ne da wanda ya ce tazarar da ke tsakanin fanka da gidanta ta yi faɗi, iska na zurarewa, shi ya sa ƙarar ta yi rauni, ka rage ta ka sake gwadawa. Dukansu sun ga aibi ɗaya. Na farko bai kashe komai ba sai numfashi. Na biyu ya tsaya ya duba, ya yi tunani, ya ba da wani abu daga saninsa. A nan ne nake ganin girmama wahalar mai ƙira take zaune. Wanda ya ba aikinka lokacinsa har ya gano inda ya gaza da dalilin gazawar ya girmama ka fiye da wanda ya jefa maka yabo yana wucewa.

Za a iya cewa, to ai wahala ba ta mayar da mummuna kyakkyawa. Haka ne. Jiniyar da ba ta kuka ba ta kuka, ko shekara aka yi ana ƙera ta. Amma mai hukunci yana fuskantar abu biyu ne a lokaci guda, aikin da mai aikin. Aikin ana auna shi da ma'auninsa, ba a rage ba a ƙara. Mai aikin kuwa mutum ne da ya zaɓi ya yi wani abu da hannunsa a lokacin da zai iya zama ya kalli na wasu, kuma wannan zaɓin ya cancanci a gan shi ko da sakamakon bai kai ba. Ana iya cewa fankarka ba ta daidaita ba. Ba a da ikon cewa kai ba ka iya komai ba, domin maganar farko a kan roba take kuma ana iya gwada ta, ta biyu kuwa hukunci ne a kan mutum da gobensa, abin da mai magana bai sani ba. Haka nan ma'aunin da ake ɗora wa ɗan shekara 13 a aikinsa na farko ba shi ake ɗora wa injiniyan da ya shekara 20 yana yi ba. Gaskiyar ba ta canzawa, amma abin da ake fara faɗa da yawan abin da ake faɗa a zama ɗaya suna canzawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai wanda ya tanƙwara da ƙarfi fiye da kima karya shi yake yi.

Girmamawa tana da wata fuska da ake yawan mantawa, wato ambaton mai abu. Wanda ya tsaya cikin sanyi ya ɗauki sautin jiniyar da aka sauke daga baya, ya adana abin da ba za a sake samu ba. Wanda ya zana tsarin fanka ya raba kyauta ya ba da kwanakinsa. Ɗaukar irin wannan a sa masa sunan kai sata ce, ko da ba kuɗi a ciki. Mutum na iya zama mai daɗin baki ga kowa amma yana cin gumin wasu, wani kuma mai kaifin harshe ne amma bai taɓa ɗaukar abin wani bai ambace shi ba. Idan ana maganar wa ya fi girmama aiki, ba lallai mai daɗin bakin ne zai zo gaba ba.

Shi ma mai ƙira akwai abin da ke kansa. Wanda ya fito da aikinsa gaban jama'a ya buɗe ƙofa, ba zai ce iskar da yake so kaɗai za ta shigo ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wahalar da ya sha tana ba shi haƙƙin a yi masa magana da mutunci, ba ta ba shi haƙƙin a ce masa abin da ba haka ba. Yana da kyau ya koyi raba saƙo da ɗan aike, domin wani lokaci gaskiya kan zo a bakin marar ladabi. Idan wanda ya ce fankar za ta fashe ya faɗa da gatse, gatsen nasa ne, fankar kuwa ta mai ita ce, kuma idon da ke gabanta ma nasa ne. Su da suke tsayuwa a gindin turke kowane wata sun fi kowa sanin dalilin gwaji. Ba don an raina jiniya ake gwada ta ba. Don an dogara da ita ne, kuma an fi so a gano lalacewarta ranar da sama ke garau.

Abin da ke cikin haɗari a ƙarshe shi ne ɗorewar sanin kansa. Tsoffin jiniyoyin inji ana ta sauke su ana maye gurbinsu da na lantarki da saƙonnin wayar hannu, wasu ƙasashe ma sun rage nasu sosai bayan ƙarshen Yaƙin Cacar Baka. Waɗanda suka san yadda ake kwance su da ɗaura su ba su da yawa. Idan manya suka kori yara da ba'a, sanin zai tsufa tare da su. Idan kuma suka rufe su da yabon ƙarya, za a sami masu yawa da ba su iya ba, wataƙila har da wanda ya rasa ido ko ji. Haka abin yake a maƙera da masaƙa, haka yake a tsakanin masu alƙalami, duk inda sabon hannu ke miƙa aikinsa ga tsohon hannu yana jiran ya ji me za a ce. Wanda aka miƙa wa ya duba da kyau tukuna, ya faɗi abin da ya yi daidai don mai shi ya san abin da zai riƙe, ya faɗi abin da ya gaza da yadda za a gyara, ya ɗaga murya a inda akwai haɗari kaɗai. Alamar cewa ya yi daidai ita ce mai aikin ya koma ya gyara, ya kuma dawo masa da na gaba. Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya da ladabi, da juriyar jinta idan an faɗa mana.